Mahayan dawaki ne ko masu kwalekwale? Muhawara kan asalin Lakota da Dakota da Nakota

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar Zauren Tarihi. Jiya da daddare muna kallon wani tsohon fim na kaboyi da yara, sai ga mutanen nan sun ɓullo a kan dawaki, gashin tsuntsu tun daga ka har gadon baya. Autana ya ce, Baba su waye waɗannan? Na ce Lakota ne, 'yan asalin ƙasar Amurka. Ya ce can suke tun da? Na buɗe baki zan ce e, sai na tuna ba haka na karanta ba. Mutanen da Faransawa suka tarar wajen 1660 ba a kan doki suke ba. A dazuzzukan Minesota suke, bakin tafkuna, suna tuƙa kwalekwale suna kaɗe shinkafar daji. To yaushe mai kwalekwale ya zama mahayi? Kuma me ya tashe shi daga bakin ruwa, korar sa aka yi ko shi ya hango wuri ya tafi? Masu sani a taimaka, don yaron nan ba zai bar ni ba.

Baffa Sule: Wa alaikumus salam. Malam Habu, mu a sinima muka san su, kuma Jajayen Indiyawa muke ce musu. Sunan da nake ji a fim kuwa "Su" ne. Yau kuma ga Lakota, ga Dakota, ga Nakota. Mutum uku ne ko mutum ɗaya mai suna uku?

Nazifi: Baffa, Allah ya ƙara girma. Kalma ɗaya ce, baki ne ya bambanta. Ma'anarta aboki ko abokin ƙawance. Inda na gabas ya sa "d", na yamma sai ya sa "l". Aboki a bakin na gabas koda, a bakin na yamma kola. Kamar dai Bakano ya ce fari, Basakkwace ya ce hwari. Su kansu sunan da suke kiran tarayyarsu shi ne Oceti Sakowin, wato Murhu Bakwai. Huɗu na gabas ne: Mdewakanton, Wahpekute, Wahpeton da Sisseton, su ake haɗawa a ce Santee, kuma su ne Dakota. Biyu na tsakiya, Yankton da Yanktonai, su ne Nakota. Na bakwai Teton, su ne Lakota, waɗanda su ma suka rabu gida bakwai, cikinsu akwai Oglala da Hunkpapa da Sicangu. Sannan Baffa, "Jajayen Indiyawa" ɗin nan ba sa so.

Baffa Sule: To na ji, na bari. Amma "Su" ɗin fa?

Ɗan Damagaram: Baba, wannan namu ne, mu da muka yi lakwal da Faransanci. Ana rubuta shi Sioux. Wutsiyar wata doguwar kalma ce, Nadouessioux, wadda Faransawa suka ara daga bakin maƙwabtansu masu harsunan Ottawa da Ojibwe. Tun 1640 sunan ya shiga rahoton limaman Kirista na Jesuwit, kafin ma wani Bature ya sa ƙafa a garinsu. Daga baya aka yanke kan kalmar aka bar jelar. An fi fassara ta da ƙananan macizai, amma akwai masana harshe da ke cewa asalinta masu baƙon harshe ne kawai.

Baffa Sule: Ashe irin Barebari ne da muke ce wa Kanuri. Maƙwabci ya raɗa maka suna, baƙo ya ji ya rubuta, shi ke nan ya bi ka.

Sadauki: Murhu Bakwai, Hausa Bakwai. Kai, ko dai 'yan uwanmu ne? 😂

Malam Habu: Sadauki, kar ka fara. Kwanakin mako ma bakwai ne, ba mu ce su ma jikokin Bayajidda ba ne.

Dakta Rabi: Nazifi ƙanena, ka yi ƙoƙari, amma akwai gyara a wuri guda, kuma ba laifinka ba ne, don haka yake a littattafai da yawa. Yankton da Yanktonai ba Nakota suke kiran kansu ba. Masana biyu, Douglas Parks da Raymond DeMallie, sun bi garuruwan mutanen nan a Amurka da Kanada suna sauraron yadda kowa ke magana, suka fitar da sakamakon a 1992. Abin da suka tarar shi ne Yankton da Yanktonai Dakota suke cewa, da "d". Masu "n" na ainihi su ne Assiniboine da ke Montana da Saskacewan, da kuma Stoney na Albata, waɗanda ke cewa Nakota ko Nakoda. Su kuwa ba sa cikin Murhu Bakwai. Sun rabu tun da daɗewa, domin a rahoton 1640 ɗin da Ɗan Damagaram ya ambata an riga an lissafa su a matsayin al'umma daban. Dakota na kiran su Hohe, kuma sun daɗe suna gaba, don Assiniboine sun haɗa kai da wata al'ummar arewa ne, Cree. Sunan Assiniboine ɗin ma daga Ojibwe ya fito, yana nuni da masu girki da duwatsu, saboda suna gasa dutse ya yi zafi su jefa a ruwa ya tafasa.

Abin da ya rikita lissafin shi ne an maimaita kuskuren sama da shekara ɗari, har wasu Yankton na yau suka karɓi sunan Nakota daga littafi suna amfani da shi. Ni ba zan je in ce wa mutum ba sunanka ke nan ba. Amma in ana maganar harshe, rabon ba uku daidai wa daida ba ne kamar yadda ake zana shi a allo.

Nazifi: Na gode Dakta. Wallahi yadda na rubuta haka na haddace. Kenan Dakota ta gabas, Dakota ta yamma, sai Lakota?

Dakta Rabi: Haka ne.

Anti Ladidi: Sannunku. Yanzu na taso daga aiki na ga zancen garinmu ake yi. Shekara tara ke nan ina Miniyapolis. Sunan jihar kansa nasu ne, Mni Sota, mni ruwa ke nan a harshensu. Malam Habu, shinkafar da ka ambata har yau ana kaɗe ta a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, kuma na taɓa tsayawa bakin tafki na kalla. Mutum biyu ne a kwalekwale. Ɗaya a tsaye da doguwar sanda yana turawa cikin ciyawa, ɗaya a zaune da 'yan sanduna biyu, ya tanƙwaro kan ciyawar da ɗaya ya buga da ɗayar, tsabar ta zuba cikin jirgin. Wadda ta faɗa ruwa ita ce irin baɗi. Baƙa ce, siririya, doguwa, kuma ba dangin tamu ba ce sosai. Na taɓa gwada dafa-duka da ita, na sha jira kafin ta nuna. Dakota na ce mata psin.

Amma abin da na shigo in faɗa shi ne Bdote. Nan ne inda kogin Minesota ya haɗu da Misisipi, bai fi tafiyar minti ashirin daga gidana ba. In ka gangara ƙasa ka bi tsibirin har ƙarshe, za ka ga ruwa biyu, ɗaya jawur da laka ɗaya mai duhu, suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraya. Dakota da yawa sun ce a nan aka fara su. Ba sa ce maka sun zo daga wani wuri. Kuma a kan tudun da ke saman wurin ne sojan Amurka suka gina barikin Fort Snelling a shekarun 1820, sannan a gindinsa aka tsare Dakota kusan 1,600, yawanci mata da yara da tsofaffi, a hunturun 1862 zuwa 1863 bayan yaƙinsu da Amurka. Da yawa ba su fita da rai ba. Ranar da na je na ga 'yan ƙyallaye a ɗaure da taba a ciki, na addu'a. Ban iya ɗaukar hoto ba.

Baffa Sule: Allah sarki. 'Yata, kin ce sun ce a nan aka fara su. Nazifi kuma na san zai ce wani abu daban.

Nazifi: Baffa ka karanta ni. Masana harshe sun ce harshensu ɗaya ne daga cikin babban dangi, kuma 'yan dangin a warwatse suke. Akwai Crow da Hidatsa da Mandan a yamma, akwai Omaha da Ponca da Osage, akwai Ho-Chunk a Wiskonsin. Abin mamakin shi ne akwai wasu can gabas da kudu: Tutelo a Bajiniya, Biloxi a gaɓar tekun Meziko, da Catawba a Karolina wanda dangantakarsa ta fi nisa. A 1870 wani masani, Horatio Hale, ya zauna da wani tsoho Batutele a Kanada ya rubuta kalmominsa, sai ya ga ashe 'yan uwan na Dakota ne. Daga nan tunanin ya taso cewa tushen dangin yana wajen kwarin kogin Ohayo ko tsakiyar Misisipi, daga can reshe-reshe suka watsu, reshen su Dakota ya haura arewa.

Baffa Sule: Wace shekara suka tashi daga Ohayon?

Nazifi: Babu shekara, Baffa. Maganar dubban shekaru ake yi.

Baffa Sule: To ka ga. Ni fa in aka ce min hijira, ina son in ji wa ya ja gaba, ina aka yada zango. Wannan kwatanta kalmomi ne.

Dakta Rabi: Baffa yana da gaskiya rabi. Kwatanta kalmomi hujja ce mai ƙarfi a kan cewa harsunan uwa ɗaya ta haife su, wannan babu jayayya. Amma a ina uwar ta zauna, nan hasashe ne, kuma masanan kansu ba su daidaita ba. Sannan harshe na iya tafiya ba tare da duk mutanen sun yi ƙaura ba. Abin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne na kusa. Masu haƙa ƙasa sun tono tsofaffin garuruwa da tukwane da ramukan sussukar shinkafa a kewayen tafkin Mille Lacs da ke nuna mutane na zaune a wurin ɗaruruwan shekaru kafin Bature, kuma an fi danganta su da kakannin Dakota. Tafkin suna kiran sa Mde Wakan, tafki mai tsarki, kuma daga nan sunan Mdewakanton ya fito, mazauna bakinsa. Kusan duk sunayen murhun nan suna ƙarewa da "ton", daga kalmar gari ko mazauni. Mutanen da sunansu ke cewa garin kaza, garin kaza, ba makiyayan sarari ba ne tun asali.

Malam Habu: Madalla. Mun dawo kan tambayata ke nan. Suna Mille Lacs, suna da shinkafa da kifi da barewa da sukarin da suke dafawa daga ruwan itace. Me ya fitar da su?

Sadauki: Bindiga, Malam. Ba wani dogon Turanci. Ingila ta kafa kamfanin fatu na Hudson's Bay a 1670, Cree da Assiniboine suka samu bindiga daga arewa. Ojibwe suka samu daga Faransawa ta gabas. Mai baka da kibiya ya zauna tsakanin masu bindiga biyu? Ojibwe ma suna da labarin yaƙin Kathio, wajen 1750, inda suka ce sun hau kan ɗakunan Dakota na ƙasa suna jefa ƙunshin albarushi ta kafar hayaƙi yana faɗawa cikin wuta. Bayan nan Mille Lacs ya fita hannun Dakota. Wanda aka kora an kore shi, sai dai a yi masa kara.

Ɗan Damagaram: Sadauki, lissafin shekarunka bai zauna ba. Bari in jero abin da Faransawa suka gani da idonsu. Radisson da Groseilliers sun haɗu da su wajen 1660. Du Lhut, wanda aka sa wa birnin Duluth sunansa, ya isa babban garinsu na Mille Lacs a 1679, kuma a shekarar ne aka ƙulla sulhu tsakanin Dakota da Ojibwe. Fada Hennepin an kama shi a 1680 aka kai shi can ya yi watanni. Sai Le Sueur, wanda ya gina ƙaramin sansani a 1700 kusa da inda garin Mankato yake yanzu. Shi ne ya raba su biyu a rahotonsa, na gabas da na yamma, ya ce na yamman ba sa amfani da kwalekwale, ba sa tara shinkafa, suna yawo a sarari tsakanin kogin Misisipi da na Misuri cikin tantunan fata suna farauta. A 1700 fa. Shekara hamsin kafin Kathio ɗinka. Kuma sulhun da Ojibwe ya daɗe, har aure suka yi ta yi tsakaninsu, bai wargaje ba sai 1736, lokacin da mayaƙan Dakota suka kashe Faransawa 21 a wani tsibiri a Tafkin Dazuzzuka, cikinsu har da ɗan La Vérendrye, jagoran Faransawan yankin. To wa ya kori na yamman tun kafin 1700?

Sadauki: Cree.

Ɗan Damagaram: Cree sun matsa musu ta arewa, ban musa ba. Amma wanda aka kora yakan isa sabon wuri a wulaƙance. Waɗannan kuwa duk inda suka isa su ke korar na wurin. Sun ture Omaha da Iowa daga yankin da ake haƙar jan dutsen lofe a kudu maso yammacin Minesota. Wannan ba tafiyar ɗan gudun hijira ba ce.

Barista Hauwa: Ina ganin kuna faɗa ne a kan mutane biyu daban. Sadauki na maganar na gabas, su ne suka rasa Mille Lacs suka gangaro kudu bakin kogin Minesota da Misisipi, kuma a nasu labarin matsin Ojibwe na da hannu sosai. Ɗan Damagaram na maganar Teton da Yankton da Yanktonai, waɗanda suka riga suka yi gaba. Su abin da ya ja su ɓauna ce da fatar wata dabbar ruwa, biba, wadda Turawa ke saye da bindiga da tukunya da wuƙa. In ta ƙare a wannan rafi sai a matsa na gaba. Kuma ba su yanke da gida ba. Duk bazara akan yi babbar kasuwa a bakin kogin James, na yamma su kawo fatu da dawaki, na gabas su kawo kayan Turawa. Ta nan Lakota ke samun bindiga ba sai sun roƙi kowa a Misuri ba.

Malam Habu: Barista, wannan kasuwar ita ce ban sani ba. Kenan doki daga kudu da yamma, bindiga daga gabas, su kuma suna tsakiya inda biyun suka haɗu.

Baffa Sule: Kafin dokin da me suke ɗaukar kaya?

Nazifi: Kare, Baffa. Sanduna biyu ake ɗaura masa a kafaɗa, ƙarshensu na jan ƙasa, a ɗora kaya a tsakiya. Shi ya sa da doki ya zo suka ce masa sunka wakan, kare mai tsarki ko kare mai ban al'ajabi. Tanti ma sai da doki ya zo ya girma, don kare ba ya iya jan dogayen sanduna. An fi cewa a rabin farko na ƙarni na 18 dawaki suka fara shiga hannun Lakota, ta wajen al'ummun Shayen da Arikara, kuma sai wajen ƙarshen ƙarnin suka wadata. Amma a 2023 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi da haɗin gwiwar masanan Lakota, aka auna tsofaffin ƙasusuwan dawaki, aka ga tun farkon shekarun 1600 wasu al'ummun filayen da na duwatsun Roki ke kiwon doki, kafin tawayen da al'ummar Pueblo suka yi wa Sifaniyawa a 1680, da a da ake cewa shi ya saki dawakin Sifaniyawa.

Sadauki: Ko ma dai yaya ne, zamanin dokin nan da fim ya cika mana ido da shi bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba.

Malam Habu: Abin da ya tsaya min a rai ke nan tun jiya.

Dakta Rabi: A ƙara da agana, don in babu ita labarin bai cika ba. Kogin Misuri ba a buɗe yake ba. Arikara da Mandan da Hidatsa na zaune a bakinsa cikin garuruwa masu ganuwa da rami, manoma masara ne, suna da yawa, kuma shekaru da dama sun tare hanya. Sai annobar agana ta 1780 zuwa 1782 ta bi kogin. Mai zaune a cunkushe cikin gari ita ta fi ci, mai yawo a ƙananan ƙungiyoyi ya fi tsira, ko da yake Lakota ma sun yi asara. Garuruwan Arikara masu yawa suka koma 'yan ƙalilan. Daga nan ƙetarewar ta zama ambaliya. Lokacin da Lewis da Clark, jagororin ayarin binciken gwamnatin Amurka, suka iso bakin kogin Bad a Satumban 1804, Lakota ne ke riƙe da wurin, kuma har an zare makami a kan kuɗin wucewa, saura ƙiris a gwabza.

Baffa Sule: Duk wannan daga takardun Turawa ne. Su ba su ajiye nasu ba?

Anti Ladidi: Sun ajiye, Baffa, kuma na ga kwafinsa a gidan tarihi. Fatar ɓauna ce, an zana ƙananan hotuna a jere suna kewayawa kamar gammo. Kowane hoto shekara guda. Dattawa su zauna su zaɓi abin da ya fi fice a shekarar, mai riƙon fatar ya zana, kuma ya haddace labarin. Waniyetu wowapi suke ce masa, lissafin hunturu. Kamar yadda kakata ke cewa an haife ta shekarar fara.

Nazifi: Kuma ana iya daidaita shi da kalanda, saboda kusan kowace fata na da hoton shekarar da taurari suka zubo, wato Nuwamban 1833. Daga nan sai a ƙirga gaba da baya. A lissafin American Horse, wani shugaban Oglala, hoton 1775 zuwa 1776 na nuna wani mai suna Standing Bull ya isa Baƙaƙen Duwatsu, He Sapa, ya komo da reshen wani itace da bai taɓa gani ba.

Sadauki: To ga shi daga bakinsu. 1776. Kafin nan Shayen da Kiowa da Crow ne a wurin. Amma yau sai ka ji ana cewa daga cikin duwatsun aka halicce su.

Anti Ladidi: Sadauki, a hankali. Labarin shi ne mutane na zaune a ƙarƙashin ƙasa, sai Iktomi ya yaudare su da nama da tufafi, wani mai suna Tokahe ya ja gaba suka fito ta Kogon Iska da ke Baƙaƙen Duwatsu, suka tarar da sanyi da yunwa, ɓauna ta zama abincinsu. Na je kogon. Ƙofarsa ta asali rami ne da bai fi faɗin faifai biyu ba, iska na fita ko tana shiga gwargwadon yanayi, kamar ƙasa na numfashi. In ka tsaya a gabansa ba sai an yi maka bayanin dalilin da ya sa suka girmama shi ba. Iktomi ɗin kuwa gizo-gizo ne, mai wayo, makwaɗaici, kullum dabararsa na komawa kansa.

Baffa Sule: Gizo! Har can ya je? Ƙoƙi fa?

Malam Habu: Baffa, ka ba Sadauki ƙofa, yanzu zai dawo da Hausa Bakwai.

Barista Hauwa: Bari in faɗi abin da ya sa zancen 1776 ke da zafi a wurinsu, don ba gardamar malamai kaɗai ba ce. An sha amfani da shi a ce musu ku ma baƙi ne, ƙwata kuka yi, don haka in an ƙwace muku ba a yi laifi ba. Su kuma masanansu na amsawa cewa hoton fata ɗaya labarin ƙungiya ɗaya ne, ba ranar da duk al'umma ta fara sanin wurin ba, kuma mafarauta da masu ziyarar ibada na iya zuwa wuri tun kafin a tare a cikinsa. Ni a matsayina na lauya, ko an yarda da 1776 ɗin bai taɓa shari'ar ba. Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 cewa duwatsun na cikin ƙasarsu, kuma ba za a yanki komai ba sai kashi uku cikin huɗu na mazajensu sun yarda. A 1874 rundunar Custer, wani hafsan sojan Amurka, ta tabbatar da akwai zinari. A 1877 aka karɓe wurin ba tare da wannan adadi ba. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta ce a biya diyya, sama da dala miliyan 100. Suka ƙi karɓa, suka ce ƙasar ba ta sayarwa ba ce. Kuɗin na ajiye yana haihuwa har ya haura dala biliyan ɗaya, alhali yankunansu irin Pine Ridge na cikin mafiya talauci a ƙasar. Takardar ba ta ce "in kun daɗe" ba.

Sadauki: Ban ce a ƙwace musu ba, Barista. Cewa na yi kar a mai da su waliyyai. Crow da Pawnee da Arikara sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun Lakota, shi ya sa ma Crow da Arikara suka yi wa Custer jagora a 1876.

Barista Hauwa: A nan ba mu saɓa ba. Su ma ba su ɓoye ba. A taron Fort Laramie na 1851 wani Ba'oglale ya faɗa wa wakilan gwamnati ƙiri-ƙiri cewa wasu filayen na Kiowa da Crow ne a da, suka doke su suka karɓa, kuma abin da Turawa ke yi ke nan in suna son ƙasa.

Malam Habu: To ni dai ga abin da zan faɗa wa yaro, a gyara min in na kauce. Gidansu na da da aka tabbatar shi ne tafkunan Minesota. Na yamma sun fara fita sarari da ƙafa da karnuka tun kafin 1700, suna bin ɓauna da fatu. Na gabas sun zauna har rikici da Ojibwe ya gangaro da su kudu. Doki da bindiga da agana suka buɗe wa Lakota Misuri. Nakota na ainihi kuma 'yan uwa ne da suka raba hanya tun kafin duk wannan suka yi arewa.

Sadauki: Ka rage wa bindiga daraja, Malam. Ban sauka ba.

Ɗan Damagaram: Kafin ka tafi da Kathio ɗinka, Sadauki, ka san babu wani gari mai wannan suna? Du Lhut Izatys ya rubuta, daga Isanti, wanda shi ne ya zama Santee. Mai kwafe takardar ya karanta "Iz" a matsayin "K", ya lalata ƙarshen, sai ga Kathio. Yau har gandun shaƙatawa na jiha ke ɗauke da sunan.

Anti Ladidi: Yana nan kuwa, tafiyar kamar awa biyu daga nan. Kuma a gefensa yanzu Ojibwe ne ke zaune, suna da yankinsu da gidan tarihinsu a bakin tafkin. A wurinsu nake sayen shinkafar.

Baffa Sule: In za ki zo gida ki taho min da mudu ɗaya, 'yata. A gaya wa Hajiya tun da wuri ta tanadi gawayi.